NEMAN AURE DA WANDA BA YA CIN NAMA: HUKUNCINSA DA LADUBBANSA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halitta mu jinsi biyu, ya sanya ƙauna da tausayi tsakanin ma'aurata, ya halatta mana daɗaɗan abinci, ya hana mu ƙazanta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, akwai wata mas'ala da ta fara yawaita a bakin matasa da iyaye a garuruwanmu na Agye da Gazawa da Gidan Rumji. Saurayi ko budurwa ba ya cin nama, ko dai naman gaba ɗaya ko wani nau'i daga cikinsa, ga shi kuma maganar aure ta taso. Shin wajibi ne ya faɗa tun ana zance? Shin aibi ne da za a ƙi mutum saboda shi? Kuma ta wace hanya mai irin wannan hali zai nemi abokin zama ba tare da ya cutu ko ya cutar ba? Wani zai ce wannan ƙaramar magana ce da ba ta cancanci takarda da tawada ba. Mu kuwa muna ganin duk abin da za a yi ta maimaitawa sau biyu ko uku a kowace rana, har tsawon rayuwa, ya wuce a kira shi ƙarami. Aure tukunya ɗaya ce, kuma yawancin rigingimun da ake kawowa zaurukan malamai daga bakin murhu suke tasowa.

SU WANE NE BA SU CIN NAMA?

Wajibi ne mu fara rarrabe mutane, domin hukunci yana bin dalili. Mun kasa su kashi huɗu.

Kashi na farko su ne waɗanda rashi ya hana. Su ne mafi yawa a ƙasarmu, ko da yake ba wanda yake lissafa su cikin masu barin nama. Gidaje da yawa a karkara cimarsu fura ce da rana, tuwon hatsi da miyar kuka ko ta kuɓewa da dare, sai wake da kwaɗon zogale ko tafasa. Nama sai ranar suna, ko biki, ko Babbar Salla. Wanda ya ga yunwar shekarar 2005, wadda ta biyo bayan fari da farin dango na 2004, ya san lokacin da ganye da anza suka zama abincin gidaje masu yawa a jahar Maraɗi.

Kashi na biyu su ne waɗanda cuta ta hana, kamar mai hawan jini, ko ciwon ƙoda, ko ciwon gaɓoɓi, wanda likita ya umurta ya rage jan nama ko ya bar shi.

Kashi na uku su ne waɗanda ransu ne ba ya so. Akwai wanda tun yana yaro ƙarnin nama ke tayar masa da zuciya. Akwai wanda ya ga yanka sau ɗaya, tausayi ya kama shi, bai sake iya haɗiye tsoka ba. Akwai kuma abin da al'ada ta gadar: da yawa daga Abzinawa tun dā ba su saba da kifi da ƙwai ba, kuma a cikinmu akwai masu gudun naman akuya suna cewa yana tayar da tsohon ciwo.

Kashi na huɗu su ne waɗanda suka bar shi bisa aƙida, suna ganin cinsa laifi ne. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a nan. A gidajen Anna na dā, a ƙasar Gobir da ta Katsinar Maraɗi, dangi kan kasance da dabbar da ba su kashewa ba su ci, saboda alaƙarta da kan gida, kuma ƴan bori kan ce iska ta hana su kaza da kaza. A ƙasar Indiya, inda ɗalibanmu da marasa lafiyarmu ke zuwa, miliyoyin mabiya addinin Hindu da na Jain ba su cin nama saboda addini. A Ingila an kafa ƙungiyar masu barin nama a shekarar 1847, sannan a 1944 wani mai suna Donald Watson da abokansa suka kafa wata wadda ta ƙara da barin madara da ƙwai da duk abin da ya fito daga jikin dabba. A tarihin Larabawa ma an yi Abul Ala'i al-Ma'arri, makahon mawaƙin ƙasar Sham da ya rayu daga 973 zuwa 1057, wanda ya bar nama da nono da ƙwai da zuma, har aka yi musayar wasiƙu da shi ana tuhumarsa a kan haka. Yau wayar salula ta kawo waɗannan ra'ayoyi har cikin ɗakunan ƴaƴanmu.

BARI DABAN, HARAMTAWA DABAN

Ku sani, Allah ya yi muku rahama, cin nama halal ne, kuma ba farilla ba ne. Wanda ya bar shi don rashi, ko cuta, ko ƙyamar rai, babu zunubi a kansa. Hujja a nan sananniya ce. An kawo wa Manzon Allah (SAW) gasasshen dabbu, wato wani irin damo na hamada, a ɗakin Nana Maimuna, sai ya janye hannunsa. Halidu ɗan Walidu ya tambaye shi ko haramun ne, sai ya bayyana masa cewa ba haramun ba ne, illa dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa ba ya so. Halidu ya jawo ya ci a gabansa, bai hana shi ba. Dubi wannan ladabi: mai ƙyama bai haramta ba, mai ci bai tilasta ba, kuma akushi ɗaya ne a gabansu. Abu Huraira ya ruwaito cewa Manzon Allah bai taɓa kushe abinci ba. In yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Nana A'isha kuma ta ba da labarin yadda akan yi wata biyu ba a hura wuta a ɗakunansa ba, sai dabino da ruwa. Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya gargaɗi mutane game da yawan cin nama, domin yana da jaraba irin ta giya. Saboda haka wanda ya rage nama bai fita daga tafarkin magabata ba.

Amma haramtawa wani abu ne daban. A Suratul Ma'ida, aya ta 87, Allah ya hana muminai su haramta daɗaɗan abubuwan da ya halatta musu. A farkon Suratut Tahrim ya yi wa Annabinsa magana a kan hana wa kansa abin da aka halatta masa. Kuma Imam Muslim ya ruwaito labarin wasu sahabbai da suka tambayi matan Annabi game da ibadarsa ta ɓoye, sai wani ya yi alwashin ba zai yi aure ba, wani ba zai ci nama ba, wani ba zai kwanta a shimfiɗa ba. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) sai ya yi musu inkari, ya nuna musu cewa wannan ƙyamar sunnarsa ce. Ku lura da yadda barin aure da barin nama suka zo a hadisi guda. Abin da aka zarga shi ne mutum ya mayar da barin halal hanyar neman kusanci ga Allah, ko ya ɗauki mai cin halal a matsayin mai laifi.

Tausayin dabba kuwa addini ne. Shari'a ta umurci mai yanka ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa, ta hana azabtar da dabba da yunwa ko ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Wanda ya ga yadda ake cusa awaki a mota ranar kasuwa, ƙafafu a ɗaure cikin rana, zuciyarsa ta sosu, to zuciyarsa lafiya lau take. Sai dai maganin wannan shi ne gyara yadda ake mu'amala da dabba. Ba ya kai mutum ga cewa Allah ya yi kuskure da ya halatta ta.

Daga nan tambaya ta farko da waliyyi zai yi ta fito fili. Ba ya isa a ce, "Kana cin nama?" Sai a ƙara da, "Don me ka bari?" In amsar ta koma ga rashi, ko cuta, ko ɗabi'a, to magana ce ta zaman gida, a daidaita. In ta koma ga tsoron iska ko kan gida, ko ga cewa yanka zalunci ne ko da na layya, to magana ce ta aƙida, kuma sai an gyara ta da ilmi da lallashi kafin a ɗaura aure. Wanda kuma ya je karatu waje ya ga wadda ta burge shi don cimarsu ta zo ɗaya, ya tuna cewa haɗuwa a kan akushi ba ta maye gurbin haɗuwa a kan addini: aya ta 221 ta Suratul Baƙara ta hana auratayya da masu shirka, aya ta 5 ta Ma'ida kuma ta keɓe kamammun mata daga Ma'abota Littafi kawai.

WAJABCIN FAƊIN GASKIYA TUN ANA ZANCE

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun ƙididdige aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure in an ɓoye su: hauka, kuturta, albaras, da cututtukan da ke hana saduwa. Rashin cin nama ba ya cikinsu. Wani zai fahimci cewa tunda haka ne, ba dole ba ne a faɗa. Mu kuwa akasin haka muka fahimta. Tunda alƙali ba zai warware aure saboda shi ba, wanda aka ɓoye wa ba shi da mafita bayan ɗaurin aure sai haƙuri ko saki. Ashe ke nan lokacin zance ne kaɗai damar da yake da ita ta zaɓi, kuma wanda ya ɓoye masa ya ƙwace masa wannan dama.

Mu dubi yadda abin ke faruwa. Saurayi ya zo zance da ƙunshin tsire ko balangu, ko ya dawo daga tafiya da tsarabar kilishi. Budurwa ba ta ci, amma kunya ta hana ta faɗa, sai ta karɓa ta yi godiya, ta shiga gida ta ba ƙannenta. Haka za a yi ta yi har wata shida. Ranar da ta tare, uwar miji ta aiko da kaza a dafa, amarya ta kasa ko fige ta. Nan take zance ya bazu: raini ne, ko girman kai, ko an yi mata sammu, ko tana da iska. Abin da kalma ɗaya za ta warware a dandali ya zama ƙulli tsakanin dangi biyu. Haka kuma saurayin da likita ya hana wa nama saboda ciwon ƙoda, ya ɓoye don kada a ce ba shi da lafiya, ya ɓoye abu biyu ke nan, kuma na biyun ya fi nauyi.

Manzon Allah (SAW) ya umurci Mugira ɗan Shu'uba ya je ya ga matar da yake nema, domin hakan ya fi sa zama ya ɗore. Hikimar gani ita ce sani, kuma sanin hali ya fi sanin fuska amfani. Lokacin da Faɗimatu ƴar Ƙaisu ta nemi shawararsa a kan mutum biyu da suka fito neman ta, bai rufe mata komai ba: ya gaya mata ɗaya matalauci ne, ɗaya kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, ya nuna mata Usamatu ɗan Zaidu. Daga wannan hadisi malamai suka ciro cewa faɗin abin da aka sani game da mai neman aure, ga wanda ya nemi shawara, nasiha ce, ba ya cikin giba. In wanda aka tambaya wajibi ne ya faɗi gaskiya game da wani, ina ga mutum game da kansa?

Kuma a yi bayani dalla-dalla. Wanda ya ce ba ya cin nama, a san ko yana cin kifi, ko ƙwai, ko fara, ko yana shan nono da fura. A san ko zai ci miyar da aka dafa da nama in an tsame, ko sai an raba tukunya. A san ko mace za ta iya dafa wa miji da baƙinsa abin da ita ba ta ci. Waɗannan tambayoyi ba su rage ƙauna. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

HAƘƘOƘI BAYAN AN ƊAURA

Ciyarwa wajibi ce a kan miji gwargwadon halinsa da al'adar garinsu. Shaihu Halil, a cikin Muhtasar, da ya zo lissafa abin da ake yanka wa mace na ciyarwa, ya ambaci ruwa da mai da itace da gishiri, ya kuma ambaci nama lokaci bayan lokaci. Saboda haka mijin da ba ya cin nama, alhali yana da hali, ba shi da ikon ɗora wa matarsa abin da ya zaɓar wa kansa. Barinsa haƙƙinsa ne, cinta kuma haƙƙinta ne. Haka nan matar da ba ta ci, ba ya halatta a tilasta mata, ko a yi mata gori, ko a ɓoye nama cikin abincinta don a gwada ta. Wannan na ƙarshe ha'inci ne, kuma in dalilinta cuta ce yana iya zama cutarwa ga jiki.

In sun yi alkawari kafin aure, kamar a raba tukunya ko a ɗauke mata aikin gyaran nama, to a cika. Hadisi ya inganta cewa sharuɗɗan da suka fi cancantar cikawa su ne waɗanda aka ƙulla aure a kansu. Ya fi kyau a faɗe su a gaban waliyyai, domin abin da aka faɗa a dandali da dare iska ke kwashe shi.

Walima ba ta tsaya a kan nama ba. Gaskiya ne Manzon Allah (SAW) ya umurci Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da da akuya guda, kuma ya ciyar da gurasa da nama a auren Nana Zainab ƴar Jahshi. Amma walimar Nana Safiyya, a hanyar dawowa daga Haibara, dabino ce da cuku da man shanu, babu gurasa babu nama. Wannan kuma sassauci ne ga talakan da ake ɗora wa bashin sa ko rago don gudun surutu. Layya kuwa sunna ce mai ƙarfi ga mai hali, kuma ba ta faɗuwa don mutum ba ya cin nama. Ci daga cikinta mustahabbi ne, sai ya yanka ya ciyar da iyali da maƙwabta da mabukata. Haka ragon suna.

Sai maganar ƴaƴa, wadda ita ce mafi nauyi. Babba yana da ikon zaɓar wa cikinsa, amma ɗan tayi da jariri ba su zaɓi komai ba. Allah ya wadata ƙasarmu da abin gina jiki daga tsiro: wake, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, riɗi, awara, ayar da ƙasar Agye da Caduwa ta yi suna da ita, da zogalen fadamar Gulbi. Wanda ya haɗa hatsi da wake ya samu abinci mai kyau. Amma likitoci sun tabbatar akwai wani sinadari, bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke bukata, kuma ba a dogara da tsiro wajen samunsa, sai nama da kifi da ƙwai da nono, ko ƙwayar magani. Wanda ya bar nama yana shan nono yana cin ƙwai, da sauƙi. Wadda ta bar su duka, ga ciki ko goyo, tana jefa kanta da ɗanta cikin haɗarin ƙarancin jini da raunin ƙwaƙwalwa, in ba ta je awo ta karɓi magani ba. Shari'ar da ta sauƙaƙa wa mai ciki da mai shayarwa azumin Ramadan saboda ɗa, ba za ta yarda a cutar da shi saboda ra'ayi ba. A nan ma muna kira a bar camfin hana mai ciki da yara ƙwai, wai yaro zai yi sata. Ba shi da asali a addini.

Kuma ba za mu wuce wannan wuri ba sai mun faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Masu barin nama mafi yawa a garuruwanmu mata ne da yara, kuma ba su suka zaɓa ba. Magidanci ya ci kasuwar Caduwa ko ta Gazawa, ya zauna gaban mai tsire ya ci na jikka guda, ya goge baki, ya shigo gida hannu sake, a tuƙa tuwo da miya lami. Shi ne kuma lokacin da yake neman auren nan ba ya zuwa zance sai da ƙunshi a hannu. In ana neman yaudara a sha'anin abinci da aure, ga ta nan. Kafin mu tuhumi yarinyar da ta ce ba ta son nama, mu tuhumi mijin da ya hana wa mai so.

WATA SHUBUHA DA AMSARTA

Mai yiwuwa wani dattijo ya ce: iyayenmu sun yi aure ba su tambayi wannan ba, suka zauna lafiya, wannan sanabe ne na ƙoshi da aka kwaso daga Nasara, a ƙasar da wasu ke kwana da yunwa. A cikin maganarsa akwai gaskiya. Wanda ya mayar da cimarsa abin alfahari, yana yatsina fuska a gidan surukai, yana kallon mahauta da makiyaya a matsayin azzalumai, ya saɓa wa ladabin Annabi, kuma ya raina sana'ar da dubban gidaje ke ci da ita. Amma iyayenmu ba su tambaya ba ne don sun riga sun sani. Auren dā na gida ne ko na unguwa. Uwar yaro ta san yarinya tun tana goye, ta san abin da take ci da wanda ba ta ci. Yau yaro yana Agadas ko Libiya ko Legas, yarinya tana lakkol a Maraɗi, sun haɗu ta waya. Tun daga 2019 kuma dubban ƴan'uwanmu da suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka zauna tare da mu a ƙasar Gidan Rumji, a wurare irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, auratayya kuma tana shiga tsakani. Abin da zaman tare yake sanarwa a dā, yau sai tambaya ta sanar da shi.

LADUBBAN DA KE TSARE MAI NEMA DA WADDA AKE NEMA

Mai wani hali da ba kowa ke da shi ba yakan ji kaɗaici, kuma kaɗaici ƙofa ce da mayaudari ke shiga. Yarinyar da aka daɗe ana yi wa dariya a gida don ba ta cin nama, ranar da wani ya rubuto mata a WhatsApp ko Facebook cewa shi ma haka yake, shi kaɗai ya fahimce ta, to ya samu mabuɗin zuciyarta ba da wahala ba. Faɗin haka ba ya cin ko dala. Saboda haka muke tunatarwa da waɗannan abubuwa.

Na ɗaya, dacewar cima ba shaidar hali ba ce. Ma'aunin da Manzon Allah (SAW) ya ba waliyyai shi ne addini da hali. Ana samun mai tausayin kaza wanda ba ya tausayin mace.

Na biyu, duk neman da ba ya son waliyyi ya sani, ba neman aure ba ne. Wanda ya fito da gaskiya ya turo magabatansa. A mazhabarmu aure ba ya ƙulluwa sai da waliyyi da sadaki da shaidu, kuma hikimar waliyyi ita ce ido na uku wanda so bai rufe ba.

Na uku, a yi zance a gidan iyaye, a zaure ko tsakar gida, inda ake gani, kuma a kan lokaci. Shari'a ta hana keɓewar namiji da macen da ba muharramarsa ba. Kada yarinya ta yarda da gayyatar zuwa wani ɗaki ko wani gari da sunan za a dafa mata irin abincinta. A yankunan bakin iyaka, inda ɓarayin daji suka addabi mutane da sata da garkuwa, tafiyar dare a kan babur don zance kasada ce ga saurayin kansa.

Na huɗu, a kula da abin da ake ci da sha a hannun wanda ba a gama sani ba. An sha jin yadda ake zuba ƙwaya a lemo ko shayi don a gusar da hankalin yarinya. In ya kawo tsaraba, a shiga da ita gida a ci tare da jama'a.

Na biyar, kada a aika hoton da za a ji kunyar uba ya gani, kada a aika kuɗi ga wanda ba a taɓa gani ba. Abin da ya shiga waya ya fita daga hannun mai shi har abada.

Na shida, a yi bincike. A aika amintacce garinsu, ya tambayi limaminsu da maƙwabtansa da abokan sana'arsa. In ya ce ciwo ne ya hana shi nama, a san ciwon, kuma a haɗa da awon jini na kafin aure, na sikila da na sida, domin rigakafi ya fi magani.

Na bakwai, iyaye su buɗe ƙofa. Yarinyar da ta san in ta faɗi abin da ke ranta za a yi mata tsawa ko dariya, za ta kai maganarta waje. A nemi yardarta da gaske, domin Manzon Allah (SAW) ya warware auren Hansa'u ƴar Hizamu da mahaifinta ya ɗaura ba da sonta ba. Sannan kowa ya yi istihara.

KAMMALAWA

Abin da muka tsaya a kansa shi ne: barin nama ba tare da haramta shi ba halal ne, ba aibi ba ne, kuma ba dalilin ƙin mai addini da hali ba ne. Ɓoye shi ga wanda za a zauna da shi cin amana ne gwargwadon cutarwar da zai jawo. Ba dole ba ne ma'aurata su so abu ɗaya, amma dole ne kowa ya san abin da ya shiga, ya ba ɗan'uwansa haƙƙinsa, kuma kada a ɗora wa yaro abin da zai raunana shi. Muna roƙon limamai su karanta wannan ga jama'a bayan salla, malamai mata kuma su isar da shi a makarantun matan aure, domin da yawa daga waɗanda abin ya shafa ba su zuwa sahun gaba.

Allah ya ba samarinmu da ƴanmatanmu abokan zama nagari, ya sanya albarka a tukwanenmu, ya wadata wanda ba shi da shi, ya ba mai shi ikon tunawa da iyalinsa. Allah ya kawo mana zaman lafiya a iyakokinmu, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci, ya ba mu damina mai albarka. Allah shi ne mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.